Yadda ake ciyar da yara a gidajen abinci yayin tafiyar Umra a Makka da Madina da Jidda

Duk lokacin da aka yi hutun makaranta a Najeriya ko Nijar, gidanmu da ke Makka ba ya rabuwa da baƙi, domin 'yan'uwa da surukai sukan zo Umra da 'ya'yansu, wasu da na goye, wasu da 'yan shekara biyar zuwa goma. Abin da na daɗe ina lura da shi shi ne, iyaye sukan kammala shirin biza da masauki da kayan ihrami tun daga gida, amma ba kasafai suke zama su tsara abin da yaro zai ci ba, sai an fito daga Harami yunwa ta taso, sannan a faɗa shagon da ya fi kusa. Shagon da ya fi kusa kuwa, galibi na soyayyar kaza da dankali ne. Kwana na farko da na biyu yara suna ta murna, a na huɗu sai a ji an ce wane cikinsa ya ƙulle, wance kuma tana amai, uwa ta koma jinya a ɗaki ana ta salla a Harami babu ita. Ga yadda nake shirya wa baƙina al'amarin, mataki bayan mataki.

Mataki na farko ana yin sa ne a gida, tun da ba a fafe gora ranar tafiya. Idan yaro yana da sikila, ko akwai abincin da yake tayar masa da borin jini, a kai shi wurin likitansa kafin a tashi, a kuma sa wanda ya iya Larabci ya rubuta sunan abincin a takarda, saboda ma'aikacin gidan abinci a nan yakan kasance ɗan Yaman ko Bangaladash ko Pakistan ne, kuma nuni da hannu ba zai fahimtar da shi irin wannan magana ba. A cikin kaya a sa garin kunun da yaro ya saba da shi, da ƙaramin filas, da gorar ruwa ɗaya ga kowane yaro, da ƙunshin gishiri da sukari na maganin gudawa. Mai shan madarar gwangwani a ɗebo masa wadda za ta kai shi aƙalla mako guda. Akwai madarar jarirai a shagunan magani irin su Nahdi da Al-Dawaa, sai dai ba lallai a sami samfurin da ya saba da shi ba, kuma ranar sauka ba ranar gwaji ba ce. A tuna cewa agogon Saudiyya yana gaban na Kano da Yamai da awa 2, don haka yaron da ya saba cin abincin rana da ƙarfe 2 a gida, cikinsa ba zai nemi abinci ba sai wajen ƙarfe 4 na nan. Kada a matsa masa a kwanakin farko, da kansa zai daidaita.

Mataki na biyu, wanda ni a ganina shi ne ginshiƙin komai, shi ne a ɗaura lokacin cin abinci a jikin lokutan salla. A kewayen Haramin Makka da Masallacin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, shaguna suna rufewa idan an kira salla, kuma da zarar an sallame dubban mutane suke kwararowa lokaci guda, duk su nufi gidajen abinci. Wanda ya shiga wannan turmutsitsi da yaro mai jin yunwa a kafaɗa, zai tsaya a layi ya gaji, a ƙarshe kuma ya karɓi duk abin da aka miƙo masa. Saboda haka a ci babban abincin rana kafin a tafi Azahar, ko kuma a koma masauki a jira kamar awa guda bayan an sallame, sannan a fito. Tsakanin Magariba da Isha awa ɗaya da rabi ne a jadawalin Ummul Ƙura, in ban da watan Ramadan da yake zama awa 2, kuma wannan tazara ba ta isa a fita da yara a ci abinci a dawo a sami sahu. Abin da ya fi shi ne a ba su na dare bayan La'asar, kafin a tafi Magariba, a riƙe musu ayaba da nono na bayan Isha. Ranar Juma'a yawancin wurare ba sa buɗewa sai an sauko daga masallaci. A watan azumi kuwa gidajen abinci a rufe suke wuni, ba su fara sayarwa sai yamma ta yi, don haka abincin rana na yaron da bai kai azumi ba tun da sahur ake tanadarsa, kuma a ɗaki ake ba shi.

Mataki na uku shi ne, ranar da aka sauka, kafin ma a huta sosai, mutum ɗaya ya je babban kanti. Bin Dawood yana da rassa kusa da Harami a Makka da Madina, akwai kuma Panda da Danube a cikin gari, sannan kusan kowane layi yana da ƙaramin shagon da ake kira bakala. A sayo katan ɗin ruwa, da ayaba, da lemon zaƙi, da tuffa, da kokwamba, da burodin alkama, da dabino. A wajen kayan nono ne baƙi suka fi rikicewa, domin a nan madara sunanta halib, laban shi ne nono mai ɗan tsami da ake sha kamar namu na fura, zabadi kuma shi ne kindirmo. Kamfanonin Almarai da Nadec da Al Safi duk suna yin su a ƙananan robobi, kuma a ɗauki wanda ba a zuba masa sukari da kala ba. A duba firjin ɗaki ko yana sanyi da gaske kafin a cika shi. Amfanin wannan tanadi shi ne, yaron da ya ci ayaba da kindirmo da hantsi ba zai tilasta wa iyayensa shiga kowane shago da kukansa ba.

Mataki na huɗu shi ne zaɓen wurin da za a ci. Gidajen abinci a nan iri-iri ne, kuma kowanne da lokacinsa. Akwai masu ful, wato dafaffen wake, da gurasar tamis, waɗanda kasuwarsu ta safe ce da ta dare. Akwai bufiya, inda ake yin burodi da ƙwai ko hanta da matsattsen ruwan 'ya'yan itace. Akwai matbak da gidajen bukari, masu shinkafa da kaza ko naman rago, waɗanda tukunyarsu take sauka da rana tsaka, kuma a lokacin ne abincinsu ya fi kyau. Sai kuma manyan kamfanoni masu rassa a ko'ina. Alamar da na fi dogara da ita ita ce ganin mazauna gari suna shiga da fita, domin wurin da ake yawan saye abincinsa ba ya daɗewa a ajiye. A leƙa a ga ko abincin yana tururi, ko mai zuba abinci shi ne mai karɓar kuɗi da hannu ɗaya, ko akwai wurin wanke hannu da sabulu. A da doka ce kowane gidan abinci ya raba ƙofar iyali da ta maza zalla, amma a watan Disamba na 2019 aka janye tilascin. Duk da haka wurare da yawa suna riƙe da sashen iyali, wanda ake kira awa'il, wasu har da ƙananan ɗakuna masu labule da ake zama a ƙasa. Ga mai yara babu abin da ya kai wannan ɗaki daɗi, domin uwa za ta iya shayarwa a natse, na rarrafe kuma ba zai faɗo daga kujera ba. Yawanci abinci ya fi araha, wuri kuma ya fi yalwa, idan aka ɗan nisanci Harami zuwa unguwanni irin su Aziziyya.

Dole in tsaya a kan abincinmu na gida, tun da shi ne tambayar farko da kowace Hajiya take yi mini. Hausawa sun daɗe a Makka, kuma a wajajen Shari'a Mansur da Misfala ana samun tuwo da miyar kuka da ta kuɓewa, da shinkafa da wake, da waina, da fura. Yaron da ya ƙi cin komai, sau da yawa tuwo da miyar kuka ne yake buɗe masa baki. Shawarata ita ce a nemi wani mazaunin gari ya nuna gidan da ake girkawa a zuba da zafinsa, baƙo ko da ido makaho ne. Abin da ba na yarda a ba yaro shi ne wanda aka ƙulla a leda ko aka ajiye a kula a bakin titi, ba a san tun yaushe aka sauke shi ba. Wata shekara yayata ta sayo irin wannan shinkafa da miya bayan Azahar, na ce mata, "Yaya, wannan miyar ta fara tsami, a bar wa manya idan za su iya." Ta ce ai tumatirin ƙasar ne haka. Da dare autanta ya fara gudawa, sai da muka kwana biyu ba mu leƙa Harami tare ba. Ba ƙazanta ce kaɗai take ɓata abinci ba, zafin Makka da yake haura digiri 45 a bazara ya isa ya juya miya mai kyau cikin 'yan awoyi.

Mataki na biyar shi ne yin oda, kuma a nan 'yan kalmomi kaɗan za su wadatar. Idan za a ci a wurin a ce mahalli, idan za a tafi da shi masauki a ce safari. Kaza guda ita ce habba, rabi nus habba, kwata kuma rubu'u, sannan kason mutum ɗaya na shinkafa ko nama shi ne nafar. Idan ba a son barkono a ce bidun shatta, idan ba a son sukari a ce bidun sukkar. Kuskuren da baƙi suka fi yi shi ne su yi wa kowa nasa farantin, alhali shinkafar da ake zubawa da rabin kaza takan ishi babba da yara biyu. A fara da kaɗan, in bai isa ba a ƙara. Kuɗin da aka rage a sa shi a salak da miya da nono.

Da safe, ful da tamis mai zafi abinci ne mai riƙe ciki da araha, sai dai akwai gargaɗi guda da bai kamata a yi wasa da shi ba. Waken da ake yin ful da shi yana iya farfasa jajayen ƙwayoyin jinin mai ƙarancin sinadarin G6PD, wanda lalura ce ta gado da ake samu sosai a tsakanin yara maza na Afirka ta Yamma. Duk yaron da likita ya taɓa cewa yana da ita, kada a ba shi ful, kuma a kiyaye ta'amiyya, wato ƙosan Larabawa, domin wasu da wannan waken suke yin ta. Idan bayan cin ful aka ga idon yaro ya yi ruwan ɗorawa, ko fitsarinsa ya koma kamar baƙin shayi, asibiti za a nufa nan take. Madadinsa yana nan a shago ɗaya, wato adas, wanda ƙananan wake ne da ake dafawa su narke, ko shakshuka, wato ƙwai da tumatir da albasa. Ma'asub, wanda ake dagargaza ayaba da gurasa a zuba kirim da zuma, yara suna son sa ƙwarai, amma yana da nauyi da zaƙi, faranti ɗaya ya ishi yara uku, kuma ba a ba jaririn da bai cika shekara ɗaya ba saboda zumar.

Da rana, mandi, wato shinkafa da nama, ya fi dacewa da ƙananan yara saboda naman ya dahu luguf a cikin tanderu kuma ba shi da yaji, barkonon yana zuwa ne daban a ɗan kofi, ana kiransa dakkus. Bukari yana da karas da ɗan maiƙo, kabsa kuma ta fi kayan ƙamshi. Madbi kaza ce ko nama da ake gasawa a kan duwatsu masu zafi. Idan aka dace da gidan da yake yin salig, wato shinkafar mutanen Hijaz da ake dafawa da romo da madara har ta yi laushi kamar fate, to, an sami abincin ɗan yaye da na wanda ya tashi daga ciwo. A tambayi idam, wato miyar da ake haɗawa da shinkafa, domin a ciki akwai biyu da yaranmu za su gane da ɗanɗano ɗaya: bamiya kuɓewa ce, mulukiyya kuma lalo ce. Akwai kuma shurba ta alkama da romon nama. A Jidda, da yake bakin teku ce, a gwada gasasshen kifi da shinkafar sayadiyya, amma babba ya cire ƙaya da hannunsa. Farar miyar da ake kira ɗahina, da hummus, duk da riɗi ake yin su, mai borin jinin riɗi ya nisance su.

Ban ce a hana yara Albaik ba, domin wanda ya zo ƙasar nan bai ci ba, idan ya koma 'yan ajinsu ba za su yarda ya zo ba. Kamfanin ya faro ne a Jidda a 1974, kuma kazarsa da miyar tafarnuwa sun cancanci sunan da suka yi. Amma sau ɗaya ko biyu a tafiya ya isa, a zaɓi marar yaji, a raba dankalin, a haɗa da nono ko ruwa. Al Tazaj, wanda ya fara a Makka a 1989, gasasshiyar kaza yake yi a kan gawayi, kuma ita ta fi sauƙi ga cikin yaro idan ana son abin da za a maimaita. Tun 2019 hukumar abinci da magunguna ta ƙasar ta wajabta rubuta adadin kalori a gefen kowane abinci, don haka a duba allon a kwatanta. Lambobin sau da yawa na Larabci ne irin na shafukan Alƙur'ani, biyar tana kama da sifilin boko, sifili kuma ɗigo ne. Lemon kwalba, wanda gwamnatin ƙasar da kanta ta ɗora wa harajin kashi 50 cikin ɗari a 2017, ba ya kashe ƙishirwa, cika ciki kawai yake yi ya hana yaro cin abinci. Idan ana son abin sha mai daɗi, a sa a matse lemon zaƙi a gaban ido, a ce kada a zuba sukari, domin in ba a faɗa ba za a zuba.

Mataki na shida yana kan sufra ne, wato ledar da ake shimfiɗawa a ci abinci a kai. A wanke wa kowa hannu da sabulu, tun da hannun ya taɓa ƙarafunan matakala da ƙasan masallaci. Kafin a tura wa ƙaramin yaro shinkafa, a tsince kanumfari da kirfa da 'ya'yan hel na ƙamshi da busasshen lemon tsami da ake jefawa a ciki, da ƙananan ƙasusuwan kaza. A cire ƙwallon dabino, a tsaga inibi a tsaye, kuma kada a ba ɗan ƙasa da shekara biyar gyaɗa ko almon guda-guda, saboda shaƙewa. Mutanen ƙasar masu kyauta ne, a harabar masallaci za a yi ta miƙa wa yara alewa da cakulan da biskit. A karɓa a gode, a zuba a jaka, a riƙa ba su kaɗan-kaɗan bayan an ci abinci. Ragowar shinkafa da kaza a sa ta a firji kafin awa 2, idan kuma a cikin zafin waje take, awa ɗaya ce iyakarta. Wadda ta wuni a kan tebur a zubar, komai ƙyashin kuɗinta.

Mataki na bakwai shi ne hanyar Makka zuwa Madina, mai tsawon kimanin kilomita 450. Jirgin ƙasa na Haramain, wanda aka buɗe a 2018, yana cinye ta cikin kamar awa biyu da rabi, kuma ruwa da ayaba da burodi sun isa. A bas kuwa awa 5 zuwa 6 ne, ana tsayawa a istiraha, wato wurin hutawa na bakin hanya, inda abinci wani lokaci yakan daɗe a kan wuta kaɗan-kaɗan. A ciyar da yara abu marar maiƙo awa guda kafin a hau, a riƙe dafaffen ƙwai da kokwamba da kunu a filas, a istiraha kuma a sayi abin da aka gasa ko aka dafa a gaban ido kawai. A wajen ziyara direbobi sukan tsaya a garken raƙuma a tatso nono a miƙo da kumfarsa. Kada a ba yaro, domin ɗanyen nono yana ɗauke da cutar burusela mai kawo zazzaɓi mai naci, sannan cutar numfashi ta MERS da aka fara ganowa a ƙasar nan a 2012 tana da alaƙa da raƙuma. Mai sha'awa ya sayi na kanti, wanda aka tace aka dafa.

Mataki na ƙarshe shi ne ruwa, da abin yi idan ciki ya ɓaci. Yaro ba ya cewa yana jin ƙishirwa sai ta yi nisa, don haka a riƙa miƙa masa gora bayan kowace salla da kowane zagaye biyu na ɗawafi, mai sikila kuma a ninka masa kulawa. Zamzam kyauta ne a masallatan biyu, kuma a cikin randunan akwai waɗanda aka rubuta wa gairu mubarrad, wato marar sanyi, su suka fi dacewa da mai tari. Jaririn da bai kai wata 6 ba nonon uwa ya ishe shi, sai dai a yawaita ba shi, uwar kuma ta sha ruwa sosai. Idan gudawa ta zo, a kaɗa ƙunshin gishiri da sukari yadda aka rubuta a jikinsa. In babu, a zuba sukari cokalin shayi 6 a shafe da gishiri rabin cokali a ruwa lita ɗaya, wato ƙananan robobin ruwa uku masu mililita 330. A riƙa ba shi kurɓi-kurɓi, a tambayi mai shagon magani ƙwayar zinc ta kwana 10 zuwa 14, a ci gaba da shayarwa, a ba shi farar shinkafa da ayaba da kindirmo. Idan an ga jini a bayan gida, ko aman ya ƙi tsayawa, ko idanu sun faɗa, ko yaro ya wuni bai yi fitsari ba, ko ya yi laushi ba ya iya sha, a kira 997 don motar asibiti. Lambar 937 ta ma'aikatar lafiya ce, ana samun shawarar likita a kai dare da rana. Lokacin tafiya asibiti a ɗauki fasfon yaron da takardar bizarsa, a kuma riƙe rasit ɗin gidan abincin da ake zargi, domin ana kai ƙorafin tsabtar abinci ga hukumar birni ta lambar 940.